Ina Takardarmu Ta Kwana? Ƙorafi Daga Rano da Kibiya Kan Digirin Adalci da Shugabanci

Gabatarwa

A daminar 2023, ina zaune a gida ina jiran takardar kiran hidimar ƙasa, wani ɗalibin digiri na biyu daga birni ya ɗauke ni aikin kwana huɗu. Kundi yake rubutawa a kan yadda matan karkara ke samun ilimi, yana kuma neman wanda ya san hanya, ya san gidaje, ya san yadda ake sallama. Na goya shi a babur muka zagaya ƙauyuka uku tsakanin Rano da Kibiya. Takardar tambayoyinsa da Turanci take. Shi yakan zauna a zaure, ni in shiga cikin gida in juya tambaya zuwa Hausa, in saurari amsa mai tsawo, sannan in taƙaita ta zuwa ɗigon biro a cikin ɗan akwati. A gidan ƙanwar mahaifina muka fi daɗewa. Ta ajiye tankaɗe, ta ba ni fiye da awa guda tana bayyana dalilin da ya sa 'ya'yanta mata biyu suka tsaya a firamare, ta kuma aika wa baƙo fura a zaure.

Da na dawo daga hidimar ƙasa na je gaishe ta. Bayan gaisuwa sai ta ce, "Kai ɗan nan, takardar nan da kuka cika da baƙonka, ina ta kwana?"

Na ce, "Goggo, ai ya gama, har an ba shi digiri."

Ta ce, "To, madalla. Mu kuma me aka ce a faɗa mana?"

Ban sami abin cewa ba, kuma wannan maƙala ƙoƙari ne na biyan bashin waccan amsa. Matsayina a fili yake. Karatun gaba da digiri na farko a fannonin adalcin zamantakewa da shugabanci da koyo ta intanet, a yadda ake gudanar da shi yau, yana cin moriyar mutanen da yake magana a kansu, yana kuma rufe musu ƙofa. Duk digirin adalcin da bai koma wurin masu shi ba, cikin harshen da suke ji, bai cancanci sunansa ba. Ina faɗin haka ne a matsayin wanda shi ma yake son yin wannan karatu, don haka tuhumar ta haɗa da ni.

Ƙofar da aka ce a buɗe take

Babban kirarin da ake yi wa karatu ta intanet shi ne ya rushe katanga: wai yanzu ɗan Tarai da ɗan Landan a aji ɗaya suke, waya kawai ake buƙata. Masu wannan kirari sun manta cewa waya tana cin abinci uku, wato wuta da sabis da kuɗin data, kuma dukansu ba a raba su daidai ba.

A ɗauki wuta tukuna. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin masu rukunin farko zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin wutar awa 20 a rana. Rukunin ƙarshe kuwa awa 4 aka yi masa alkawari. Kowa ya san ba ƙauye ake nufi da rukunin farko ba. Ke nan tsarin rabon wuta da kansa ya riga ya bayyana wanda zai zauna ajin dare a gaban kwamfuta da wanda zai kai wayarsa shagon mai caji ya jira layi. Abin takaicin shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, tana nan a maƙwabtanmu, mutanen Rurum suna kwana suna tashi da ita, har an kafa mata injin samar da lantarki. Ruwa a kusa, wuta a nesa.

A ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, ina cikin wani gajeren kwas na shugabanci da wata ƙungiya ke bayarwa ta intanet. Masu caji sun ninka kuɗi, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Nakan hau dutse da la'asar in ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Na rasa zama uku a jere, sai saƙo ya shigo cikin ladabi cewa an cire sunana saboda rashin halarta. Darasin makon da aka kore ni a kan yadda ake damawa da waɗanda aka bari a baya yake. Ban ga laifin malamar da ta aiko saƙon ba, ƙa'ida ta bi. Laifin yana ga wanda ya tsara ƙa'idar bai taɓa tunanin akwai ɗalibin da wutarsa ba a hannunsa take ba.

Sai sabis da data. Shirin faɗaɗa intanet mai sauri na ƙasa, wanda aka ƙaddamar a 2020, ya yi burin kaiwa kashi 70 cikin 100 zuwa 2025, amma shekarar ta shigo ba a kai rabi ba. A watan Janairun shekarar ne kuma hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Wanda ya yi hidimar ƙasa a kan alawus na naira 33,000 kamar ni ya san abin da laccar bidiyo ta awa biyu take nufi: kuɗin cefanen kwana ne. Kamfani yana kafa ƙarfensa ne inda zai mayar da kuɗinsa, kuma ba a zarge shi ba, ɗan kasuwa ne. Jami'ar da ta ɗora karatunta kacokan a kan wannan ƙarfe kuwa ta miƙa wa ɗan kasuwa ikon zaɓar mata ɗalibai.

Wannan tankaɗe da rairaya tun daga ƙasa yake farawa. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Ni da abokan ajinmu da dama ranar jarrabawar ce ranar farko da muka zauna gaban kwamfuta mu kaɗai, hannu na rawa, agogo na tafiya. Wanda ya tsallake wannan ya shiga jami'a, yajin aikin 2020 ya ci masa wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Ɗan mai hali ya cike giɓin da kwasa-kwasan intanet, ɗan manomi ya koma gona. Idan aka zo neman gurbin digiri na biyu aka ce a kawo shaidar ƙwarewa, sai a kira na farko haziƙi, na biyu kuma a ce bai shirya ba.

Kundin da bai san hanyar gida ba

Ƙidayar 2006 ta ba Rano mutum sama da 140,000, ta ba Kibiya sama da 130,000, kuma an ƙaru sosai tun daga lokacin. Waɗannan mutane ba baƙi ba ne a ɗakunan karatu na jami'o'inmu. Suna can a cikin kundaye, an yi musu lamba, an jera su a jadawali, an raba su kashi-kashi. Ana zuwa a tambaye su game da auren wuri, da tallar 'ya'ya mata, da almajirci, da noman rani, da haihuwa a gida. Abin da ba a yi shi ne komowa.

A duba yadda cinikin yake. Goggo ta ba da lokacinta, da sirrin gidanta, da furarta. Ɗalibi ya sami digiri da ƙarin girma a wurin aiki. Malamin da ya duba aikin ya sami maƙala a mujalla. Jami'a ta sami kuɗin rajista. An ɗaure kundin da baƙin bango, an rubuta suna da ruwan zinare, an ɗora a kanta ƙura na hawa. A cikin duk waɗanda suka sa hannu a wannan aiki mutum ɗaya ce ta fita hannu rabbana, kuma ita ce aka ce ana binciken domin ta. Da a kasuwar hatsi aka yi irin wannan ciniki, da sarkin kasuwa ya raba shi. Mun daɗe muna kukan yadda aka riƙa kwashe gyaɗarmu a jirgin ƙasa zuwa Ikko a dawo mana da ita a kwalba da tsada. Ga shi muna yi wa iyayenmu abin da ya fi haka, domin ita gyaɗa ko ba komai an biya kuɗinta.

Harshe shi ne makullin da aka sa wa wannan ƙofa. Da Hausa aka yi tambaya, da Hausa aka amsa, da Turanci aka rubuta sakamako, aka kuma kare shi a gaban mutum biyar a ɗaki mai sanyi. Babu wanda zai iya miƙewa ya ce, "Ba haka na faɗa ba." Ni da na yi tafinta na san yawan maganar da ta zube a ƙasa. Goggo ta ce ta cire 'yarta daga makaranta ne domin sakandaren da nisa, hanyar kuma babu aminci ga budurwa, ga kuɗin mota kullum. A takardar babu akwatin wannan amsa. Akwatin da ya fi kusa shi ne "al'ada", nan na ɗiga biro. Da hannuna na mayar da matsalar hanya da aljihu ta zama laifin Goggo. Wanda ya karanta kundin zai ba da shawarar a wayar mata da kai, alhali abin da ta nema makaranta ce a kusa.

Kada a ce Hausa ba za ta ɗauki nauyin ilimi mai zurfi ba. A Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo an daɗe ana rubuta kundayen digiri na biyu da na uku da Hausa a sassan harsuna. Harshen da ya iya feɗe nahawu da falsafar waƙa ba zai gaza bayyana dalilin da ya sa aji ba shi da malami ba.

Shugabanci: takarda ko aiki?

Ƙasar Kano ba yau ta fara karatun shugabanci ba. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafi a kan wajiban mai mulki. Wajen 1807 Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu jagororin jihadi, ya kama hanyar gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta Liya'ul Hukkami. Duka littattafan biyu an rubuta su ne domin wanda ke riƙe da iko ya ji tsoro, wanda ake mulka kuma ya san haƙƙinsa. Ma'aunin karatun shi ne abin da ya sauya a fada da kotu da kasuwa.

A zamanin kusa, Malam Aminu Kano ya sami tallafin karatu zuwa Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1946. Da ma'aunin yau, ya tsallake ke nan, sai neman kujera. Amma da ya dawo ya haɗa kan malaman makarantun Arewa a ƙungiya, a 1950 kuma ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya rungumi gwagwarmayar NEPU. Abin da ya karanto da Turanci ya juye shi cikin Hausar da talaka ke ji, ya bi shi da shi har ƙauye, ya koya masa cewa yana da ikon cewa a'a. Sakamakon wannan makaranta ya fito a 1979, ranar da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Gidan Malam da ke Gwammaja yau shi ne Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Duk ɗalibin shugabanci da ya shiga gidan nan ya dubi ƙanƙantar ɗakin da mai gidan ya rayu a ciki, ya kamata ya tambayi kansa abin da yake nema da digirinsa.

Yau kuwa shugabanci ya zama kwas na ƙarshen mako. Ana biya, a halarta, a ɗauki hoto da takardar shaida, a ƙara wasu haruffa a bayan suna. Ban ce babu mai amfana ba. Tambayata ita ce: da yawan masu takardar shugabanci da muke da su, me ya sa har Gwamnatin Kano ta ga dole ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024? Wa ya shugabanci makarantun da rufinsu ya yaye? Wa ya sa hannu a takardun da suka ce komai lafiya?

Mu mutanen Rano mun ga wani darasin da idonmu. A 2019 aka ɗaga masarautarmu zuwa daraja ta ɗaya. A watan Mayun 2024 aka rushe dokar. A watan Yulin shekarar aka dawo da ita a daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya. Rano tana cikin Hausa Bakwai, darajarta ba ta jiran sa hannun kowa, kuma ba hukunci nake yanke wa kowane ɓangare ba. Abin da na lura da shi shi ne yadda mu masu ilimin boko muka ƙarar da data a Facebook muna musu a kan daraja da sanda da iyaka, shekara biyar cur. Ban ga mun yi musu mai zafin haka a kan yawan 'yan matan da suka gama firamare a Kibiya ba su shiga sakandare ba. Karatunmu ya koya mana kallon kujera, bai koya mana kallon wanda ke zaune a ƙasa ba.

Jaji ta riga intanet

Wanda ya ji ina sukar karatu ta intanet zai zaci ina ƙin karatu daga nesa ne. Ina ƙin wanda aka tsara ba da mu ba. Karatu daga nesa kuwa gadonmu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fuskanci matsalar da ta fi tamu tsanani: mata a ƙauyuka masu nisa, ga aure da raino, babu hanya, babu makaranta. Ba ta ce su zo Sakkwato ko su haƙura ba. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali da mutunci, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar izini. Jaji takan zo da ayarin tsofaffi da 'yan mata, su karɓi darasi, su koma su isar wa waɗanda ba su iya fitowa ba. Wannan tsari shi ne 'Yan Taru. Darasin kuma a waƙe yake, da Hausa da Fulatanci, domin mace ta haddace shi tana daka ko tana kaɗi.

A lura da abin da Nana ta yi. Ta fara da tambayar halin da ɗaliba take ciki, sannan ta ƙera hanyar da ta dace da ita. Ta zaɓi harshen ɗaliba. Ta sa darasi a sigar da ba ta buƙatar komai sai kunne da ƙwaƙwalwa. Ta kuma ɗora amanar a kan mutum, 'yar garin, wadda za a iya tambaya gobe. Mu kuwa mun fara da na'ura, muka ce ɗalibi ya daidaita kansa da ita.

A wata nahiyar ma an gano haka. A 1963, a garin Angikos na ƙasar Barazil, Paulo Freire ya koya wa ma'aikatan karkara kimanin 300 karatu da rubutu cikin 'yan makonni, ta hanyar fara darasi da kalmomin rayuwarsu. Ya soki irin ilimin da ke ɗaukar ɗalibi kamar asusu, malami ya zuba, ranar jarrabawa a fasa. Ana koyar da Freire a azuzuwan digiri na biyu a ƙasar nan, a haddace shi, a rubuta a jarrabawa, a ci. Wato an mayar da mai sukar asusu kuɗin zubawa a asusu. A nan gida kuma, Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Rimi ta kafa a 1980 ta kai aji har ƙauye, har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Ba mu rasa abin koyi ba, mun dai juya masa baya.

Ga masu cewa

Za a ce hassada ce ta wanda bai samu ba. Na amsa cewa ban samu ba, kuma ina so. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma rashin samuna bai ƙaryata ko ɗaya daga abubuwan da na lissafa ba.

Za a ce aikin jami'a samar da ilimi ne, gyaran ƙauye na gwamnati ne. Wannan magana tana da ƙarfi idan lissafi ko ilimin taurari ake nufi. Wanda ya sa wa kwas ɗinsa suna adalci kuwa ya riga ya yi alkawari. Likita ba ya samun lasisi sai ya tsaya a gadon majiyyaci, lauya sai ya shiga kotu. Me ya sa masanin adalci kaɗai zai gama ba tare da wanda aka zalunta ya taɓa ganin amfaninsa ba?

Za a ce intanet ta taimaki dubban 'yan karkara. Gaskiya ne, ni ma da ita na karanta littattafan da ban taɓa gani a kanta ba. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo, ta ba ma'aikata da matan aure da yawa damar da ba su zata ba. Sai dai wanda ya tsallake rijiya da baya ba hujja ba ne cewa rijiyar a rufe take. Ana auna adalcin tsari da wanda ya faɗa ciki.

Za a ce gwamnati tana ƙoƙari: a 2012 Kano ta tura ɗalibai 501 karatun digiri na biyu a ƙasashen waje, a 2023 ta sake ɗaukar nauyin 1,001 zuwa Indiya da Yuganda. Wannan abin yabo ne, kuma 'ya'yan talakawa da dama sun amfana. Amma sakamako mafi daraja da ake nema a wurin mai neman tallafin tun daga firamare ake gina shi. Yaron da ya yi aji shida a ƙasa, malami ɗaya na zagaya azuzuwa uku, an fara tseren ba da shi ba.

Abin da nake nema

Na farko, duk kundin digiri na biyu ko na uku da aka tattara bayanansa a cikin wata al'umma, kada a karɓe shi sai ɗalibin ya koma ya gabatar da sakamakonsa a bainar jama'ar, da harshensu, a ƙofar dagaci ko a harabar makaranta, mata kuma a inda za su iya halarta. A rubuta abin da suka ce, har da inda suka ƙaryata shi, a sa a cikin kundin. A kuma bar musu taƙaitaccen bayani da Hausa, a rubuce da kuma a murya. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi, majalisar malaman jami'a za ta iya zartar da shi a zama ɗaya.

Na biyu, a tsara karatu daga nesa da tunanin wanda ya fi kowa raunin sabis. Kowace lacca ta kasance tana da sigar murya mara nauyi da za a sauke sau ɗaya a tura wa wani ba tare da data ba. A daina korar ɗalibi don bai bayyana kai tsaye ba, a auna shi da aikin da ya miƙa. Rediyo, wanda ya ɗauki darussan yara lokacin kullen korona a 2020, har yanzu ya fi kowace na'ura shiga gidajenmu.

Na uku, a Rano akwai makarantar fasahar karkara da koyon sana'o'i ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil za su iya haɗa hannu da ita a samar da zauren karatu mai wutar sola da intanet tsayayye, a buɗe har dare, da ranakun da aka keɓe wa mata. Malamin firamare daga Kibiya ko Bunkure ya yi digirinsa na biyu ba tare da ya bar ajinsa ba. Masu hannu da shuni na yankin, waɗanda suka kai sunan Rano gidajen mai da filayen jiragen sama, ga sadaka mai gudana a ƙofar gida.

Na huɗu, a riƙa wallafa rabon tallafin karatu bisa ƙananan hukumomi 44, maza da mata, kowa ya gani. A ware wa kowace ƙaramar hukuma kasonta, wanda ya amfana kuma ya dawo ya yi wa yankinsa aikin shekara biyu. Jajin zamani ke nan: a ba ka malfa, ka koma ka isar.

Kammalawa

Fom ɗin neman gurbin digiri na biyu yana cikin jakata, na cike shi saura biyan kuɗi. Ina fatan in shiga, kuma na san haɗarin da ke ciki: in koyi manyan kalmomi, in saba da ɗaki mai sanyi, wata rana in dawo da tawa takardar tambayoyin in nemi yaron da zai goya ni a babur. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma digirin da aka gina da bakin Goggo aro ne har sai an mayar mata. Saboda haka na rubuta wannan a inda za a iya kafa mini hujja da shi. Idan Allah ya nufa na kai ga rubuta kundi, kafin in tsaya gaban farfesoshi zan shimfiɗa tabarma a tsakar gidanta in karanta mata da Hausa. In ta ce ba haka ta faɗa ba, zan koma in gyara.